Otal a bakin Challawa: Kuskuren da ake tafkawa tun ranar sayen fili

Wanda ya ga tafkin Challawa a watan Afrilu bai gama ganinsa ba. A lokacin ruwa ya ja da baya, gaɓa ta bushe, masu noman rani sun bi sahunsa da shukarsu, kuma wanda ya tsaya daga tudu zai hangi shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai kallon ruwa, irin wadda duk mai son gina masaukin baƙi ke mafarkin samu. Sai dai wannan ƙasa aro ce daga hannun dam. Daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba ruwan zai dawo ya karɓi abinsa, a shekarar da damina ta yi ƙarfi kuma ya haɗa da na maƙwabta.

Maganar ta shafi Ƙaraye da Rogo a yau fiye da yadda ta shafe su a shekarun baya. Madatsar Challawa, wadda aka kammala a 1992 a ƙaramar hukumar Ƙaraye, kimanin kilomita 90 daga birnin Kano, tana cikin manyan madatsun ruwa na arewacin Nijeriya. Tsayinta mita 42 ne, tsawon bangonta ya kusa kilomita takwas, kuma tana iya riƙe ruwa sama da mita-kubik miliyan 900. A Kusalla, inda wata ƙaramar madatsa take, akwai sansanin dindindin na masu yi wa ƙasa hidima na jihar Kano, wanda ke karɓar matasa daga kowane sashe na Nijeriya na tsawon mako uku, sau da dama a shekara, tare da jami'ai da 'yan kasuwa da masu rakiya. Ƙaraye kuma hedikwatar masarauta ce. Gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ɗaga darajarta a 2019, gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe masarautar a Mayun 2024, sannan a Yulin shekarar aka dawo da ita a matsayin mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomi biyu a ƙarƙashinta, wato Ƙaraye da Rogo. Fada tana jawo naɗin sarauta da hawan salla da tarukan siyasa. Rogo kuwa tana kan iyaka da jihohin Katsina da Kaduna, mahaɗar fataken hatsi da rake.

Duk inda baƙi ke zuwa, wani zai gina musu wurin kwana. Abin da irin wannan yanki ke samu shi ne masauki mai ɗaki goma sha biyu ko ashirin, wanda ɗan kasuwa ko tsohon ma'aikaci ko ɗan siyasa ke ginawa da kuɗin aljihunsa, sannu a hankali, gwargwadon yadda kuɗi suka shigo. Irin wannan gini ne ya fi saurin sulalewa ta tsakanin dokoki ba tare da kowa ya dube shi ba. Babban kuskuren da ke jiransa kuwa ana yin sa ne tun kafin a sauke tifar yashi ta farko, ranar da aka biya kuɗin fili.

Abin da Bagauda ta riga ta nuna

Tunanin kafa otal a bakin dam ba sabo ba ne a Kano. Gwamnatin Audu Bako, wadda ta mulki jihar daga 1967 zuwa 1975, ta gina madatsun ruwa da dama, ta kuma ɗauki tafkunan a matsayin wuraren shaƙatawa: otal ɗin Bagauda Lake a gefen tafkin Bagauda, da Rock Castle a Tiga. A watan Agustan 1988, bayan ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, madatsar Bagauda ta ɓalle. An rasa rayuka, gidaje da gonaki suka salwanta. A yau harabar tsohon otal ɗin ita ce reshen Kano na Makarantar Horas da Lauyoyi ta Nijeriya. Dalilan durƙushewar otal-otal na gwamnati suna da yawa, ciki har da sakaci da rashin iya kasuwanci, don haka bai dace a ɗora komai kan ruwa ba. Abin da 1988 ta tabbatar dai shi ne, madatsa tana iya ɓallewa a Kano, kuma wanda ya jingina jarinsa da tafki ya jingina shi ne da bangon da ba shi ke kula da shi ba.

Challawa ma tana da nata tarihin. An ambaci sunanta tare da Tiga a ambaliyar da ta afka wa Kano da Jigawa a daminar 2001. A Satumban 2010 gwamnatin Jigawa ta zargi ruwan da ya fito daga madatsun biyu da raba ɗimbin jama'arta da muhallansu, yayin da masu kula da madatsun suka ɗora laifin kan yawan ruwan sama. Ga mai gini, ba shi da wani amfani sanin wanda ya yi gaskiya a wannan taƙaddama, domin ko an buɗe ƙofa ko ruwa ya tumbatsa da kansa, hanya ɗaya zai bi. A daren 10 ga Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri, shekara talatin bayan irin wannan ta faru a 1994. Babu mai hankalin da zai ɗauki wannan a matsayin hujjar yaɗa jita-jitar cewa Challawa na dab da ɓallewa. Abin lura shi ne tazarar: shekara talatin ta isa a manta, a yanka filaye, a yi gine-gine, amma ba ta kai tsawon rayuwar ginin otal ɗaya ba.

Sama da dam, ƙasa da dam

Haɗarin iri biyu ne, kuma masu sayen fili sukan gauraya su. A saman dam, wato kewayen tafkin, injiniyoyi suna aiki ne da layi biyu. Akwai matakin da ruwa ke kaiwa idan tafki ya cika har ya fara tsiyaya ta mafitar da aka tanada. Akwai kuma wani mataki sama da shi, wanda ruwa ke iya kaiwa na 'yan kwanaki idan abin da ke shigowa ya fi abin da mafitar ke iya fitarwa. A ƙasa mai shimfiɗa, ƙarin mita ɗaya a tsaye yana iya zama ɗaruruwan mitoci a kwance. Filin da ke da nisan tafiyar minti goma daga bakin ruwa a watan Maris yana iya kasancewa cikin tafkin tsundum bisa lissafin waɗanda suka zana dam ɗin. Ga kuma laka da yashin da damina sama da talatin suka zuba a cikinsa. Kowane tafki yana cikewa a hankali, kuma yayin da cikinsa ke raguwa, ruwan saman da a da yake shanyewa cikin sauƙi sai ya riƙa cika shi da wuri.

Akwai kuma batun mallaka. Madatsar tana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda ta gwamnatin tarayya ce, kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta bar filayen da ke hannun tarayya a hannunta. Manomin da ke shuka a inda ruwa ya janye duk rani yana iya ɗaukar wurin a matsayin gonarsa, kuma a zaman yau da gobe babu mai yi masa musu. Amma takardar cinikin da shaidu suka sa wa hannu ba ta mayar da ƙasar dam ta zama fuloti. Wanda ya gina a nan yana iya rasa ginin ta hanya biyu, ko ruwa ya ci ko hukuma ta rushe, kuma a kowanne da wuya ya ga diyya.

A ƙasan dam abin ya fi yaudara. Madatsa tana tare ƙananan ambaliyoyin da a da suke zuwa kusan kowace shekara, waɗanda suke tuna wa mutane iyakar kogi. Da suka daina zuwa, sai fadama ta yi kama da tudu, gidaje suka fara gangarowa. Masana harkar ruwa sun daɗe da lura da wannan a ƙasashe da dama: kariyar da dam ke bayarwa ita ce ke jawo mutane zuwa wurin da babbar ambaliya za ta fi yi wa ɓarna. A kogin Challawa akwai ƙarin matsala, wato ɗibar yashi. Yashin da ke gina Kano daga irin waɗannan koguna ake kwaso shi, kuma inda aka zurfafa cikin kogi, gaɓarsa takan zabtare. Filin da ke da tazarar mita hamsin daga gaɓa a ranar ciniki ba lallai ne tazarar ta kasance haka bayan damina biyar ba.

A sassan Rogo da Ƙaraye da ke nesa da tafkin, abin tsoron shi ne ƙorama. Wata tara tana bushe, yara na wasa a cikinta, masu babura na ratsa ta. Ruwan sa'a biyu a kan tudu ya isa ya cika ta har ta fi ƙarfin kwalbati. Inda aka sare itatuwa aka bar ƙasa tsirara, ƙaramin lambatu yakan zama kwazazzabo cikin 'yan shekaru, kamar yadda mazauna Bulbula da Gayawa a cikin birnin Kano suka gani da idonsu.

Baƙo makaho ne

Me ya bambanta otal da gidan zama, har ya cancanci tsauraran sharuɗɗa? Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Ɗan gari ya san inda ruwa ke fara shigowa, ya san tudun da ake gudu a hau, ya san sautin ƙorama idan ta taso. Wanda ya sauka da magariba daga Inugu ko Sakkwato bai san ko ɗaya ba, kuma yana barci a ɗakin da bai taɓa kwana a ciki ba. Ambaliyar Mokwa ta 29 ga Mayun 2025, wadda ta kashe sama da mutum 150 a jihar Neja, ta zo ne kafin gari ya gama wayewa. Ta Maiduguri ma cikin dare ta zo.

Misalin da ya fi kama da halin da ake magana a kai ya faru ne a Sifaniya. Ranar 7 ga Agustan 1996, ruwan sama mai ƙarfi ya sauka a kan tsaunukan da ke kusa da garin Biescas, ƙorama ta ɓalle da duwatsu da laka, ta share wani sansanin masu yawon buɗe ido da aka kafa daidai bakin da take zubar da kayanta. Mutum 87 suka mutu. An ba wurin izini duk da cewa wani jami'in gwamnati ya yi gargaɗi a rubuce tun kafin a gina shi, kuma shekaru bayan haka kotu ta umarci gwamnatin ƙasar da ta yankin su biya iyalan mamatan diyya. Wato alhakin ya koma kan wanda ya sa hannu a takardar izini.

Idan aka ɗauki makantar baƙo da muhimmanci, tsarin ginin kansa zai sauya. Masaukin da aka saba gani a garuruwan arewa yana da doguwar katanga, ƙofar shiga ɗaya da ake garƙamewa da dare, ƙarafuna a kowace taga, da dogon lungu mai mafita ɗaya. An yi haka ne don tsoron ɓarayi, kuma a yankin da ke iyaka da Katsina da Kaduna babu wanda zai raina wannan tsoro. Amma abin da ke hana ɓarawo shiga shi ne ke hana baƙo fita, ko ruwa ne ya zo ko gobara. Ƙofa ta biyu mai buɗewa daga ciki, a ɓangaren da ya fi tudu, ba ta kai kuɗin talabijin ɗin ɗakuna uku ba. Haka nan maigadin dare wanda ya san abin da zai yi, yake kuma riƙe da makullin da kansa, ba a aljihun manajan da ya tafi gida ba.

Hanya ma wani ɓangare ce na ginin. Otal na iya zama a kan tudu lafiya lau, amma idan hanya ɗaya tilo da ke zuwa gare shi ta ratsa ta kan kwalbatin da ruwa ke shafewa, to baƙi sun zama fursunoni, mara lafiya kuma ba shi da hanyar asibiti. Mai tunanin ƙara wa wurinsa armashi da yawon kwalekwale kuwa, ya tuna da Bagwai. Ranar 30 ga Nuwamban 2021 jirgin ruwa ya kife a tafkin Watari, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. An yi wa jirgin lodin da ya fi ƙarfinsa.

Tun ran gini, ran zane

Ko an dace da fili, akwai kurakuran da ke maimaita kansu a wurin aikin. Na farko shi ne katanga. Mai gini yakan fara da zagaye filinsa da bulo don kada a ci masa iyaka, ba tare da ya tsaya ya ga ta ina ruwan unguwa ke wucewa ba. Katangar da ta tare hanyar ruwa dam ce ƙarama wadda ba a zana ta don riƙe ruwa ba. Ko dai ta karkatar da shi cikin gidajen maƙwabta, waɗanda galibi na ƙasa ne, ko ya taru a bayanta har ta faɗi gaba ɗaya. Rahotanni daga Mokwa sun danganta tsananin ɓarnar da ruwan da ya taru a bayan tudun layin dogo kafin ya ɓalle lokaci guda. Abin da tudun jirgin ƙasa ya yi wa gari, katanga tana iya yi wa layi ɗaya.

Sai ciko. Kududdufi da fadama sun fi tudu araha, don haka akan saya a zuba ƙasa da shara da ɓaraguzai, a daidaita, a fara gini a shekarar. Araha ba ta ado. Ƙasar da ba a danne ta hawa-hawa ba za ta ci gaba da zama da kanta, ginin ya bi ta, bango ya tsage. Ruwan da kududdufin ke riƙewa a da kuma bai ɓace ba, wani wuri zai nema. Birnin Kano ya isa shaida kan abin da cike kududdufai ke haifarwa a kowace damina. Ƙasar fadama mai laka tana da wata ɗabi'ar: tana kumbura idan ta sha ruwa, ta tsuke ta dare idan ta bushe, kuma harsashin da aka haƙa da ƙiyasin ido ba ya jure wannan motsi shekara da shekaru. Gwajin ƙasa kafin a zana harsashi ƙaramin kaso ne na kuɗin gini, amma shi ne abu na farko da ake tsallakewa, saboda ba ya fitowa a hoto.

Akwai abubuwan da ba sa rushe gini amma suna kashe kasuwa. Janareta da batiran sola da allon rarraba wuta a kan daɓen ƙasa a bayan gida, inda ruwa ke fara kwanciya. Daɓen ɗakuna daidai da tsayin titi, alhali titi yana ƙara tudu duk lokacin da aka sake shimfiɗa shi. Mafi muni, ramin masai kusa da rijiyar burtsatse a wurin da ruwan ƙarƙashin ƙasa ke tasowa da damina. A nan ba a buƙatar ambaliyar da za ta shiga labarai; ya isa ruwan masai ya tsiyaya cikin na sha, baƙi su kwashi amai da gudawa su tafi da shi garuruwansu.

Ƙarin hawa kuma wata cuta ce ta gine-ginen da ake yi da kuɗin aljihu. An zuba harsashi da ginshiƙai don bene ɗaya, kasuwa ta buɗe, sai a ɗora wani. Kano ta ga faɗuwar bene mai hawa uku da ake kan ginawa a titin Beirut ranar 30 ga Agustan 2022, a tsakiyar damina, a tsakiyar birni, inda hukumomi ke kusa. A Turkiyya, otal ɗin Isias da ke Adiyaman ya rufta a girgizar ƙasar 6 ga Fabrairun 2023 ya kashe mutum 72, cikinsu har da yara 'yan makaranta da suka je gasar wasanni, kuma a shari'ar da ta kai ga ɗaure mai otal ɗin an tabo batun hawan da aka ƙara ba bisa ƙa'ida ba. Girgizar ƙasa ba ita ce damuwar Ƙaraye ba. Amma ƙasar da ta jiƙe ta yi laushi ita ma tana gwada harsashi, kuma tana yin haka kowace shekara.

Rufi ba ya buƙatar dogon bayani. Iskar farkon damina tana yaye kwano a ƙauyukan Kano duk shekara, kuma a bakin tafki babu abin da ke rage mata ƙarfi. Katakon rufin da aka ɗaure da ƙarfe cikin kankaren saman bango yana tsayawa. Wanda aka ɗora aka buga masa ƙusa kawai yana tashi.

Wa ke da alhakin dubawa?

A nan ne maganar ta tashi daga hannun birkila ta koma ta siyasa. A ranar 19 ga Yulin 2013 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar da ke tsakanin gwamnatin tarayya da jihar Legas cewa rajista da sa ido kan otal-otal hurumin jihohi ne. Ke nan a Kano nauyin yana kan gwamnatin jiha, ta hannun hukumar kula da yawon buɗe ido. Sai dai rajista tana zuwa ne bayan gini ya tsaya, lokacin da tambayar ko wurin ya dace ta riga ta wuce.

Izinin gini aikin hukumar tsara birane ce, wato KNUPDA, wadda ƙarfinta ya fi bayyana a cikin birni da wuraren da aka ayyana a matsayin birane. Filin karkara kuwa, bisa Dokar Amfani da Ƙasa, ƙaramar hukuma ce ke bayar da haƙƙin mallakarsa na gargajiya, kuma a aikace yawancin ciniki yana ƙarewa ne tsakanin mai gona da mai saye da dillali da shaidu. Dokar tantance tasirin ayyuka kan muhalli ta 1992 ta ambaci otal a jerin ayyukan da dole a yi musu cikakken nazari, amma ma'aunin da ta sa shi ne ɗaki fiye da 80. Masaukin Ƙaraye mai ɗaki ashirin bai kai ko kusa ba. Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa na 2006 yana nan, amma ba ya aiki da kansa sai jiha ta mayar da shi doka ta kuma samar da masu bibiya. Ita kuwa hukumar kogunan, wadda ta fi kowa sanin inda ruwa ke kaiwa, ba ita ke bayar da izinin gini ba.

Sakamakon shi ne kowace hukuma tana riƙe da guntun amsa, babu wadda aka ɗora wa tambayar gaba ɗaya. Abin da ya fi jan hankali shi ne, otal a Kano ba wurin da hukuma ta manta da shi ba ne. Hisba tana kai samame, jami'an haraji suna zuwa, jami'an tsaro suna neman sunayen masu kwana. Jihar ta nuna tana iya sanin wanda ya kwana a wane ɗaki. Da an ba tsayin daɓe da ƙofar gudu kaso kaɗan na wannan himma, da an yi nisa.

Akwai doka ɗaya da ta taɓo batun kai tsaye, kuma ita ce aka fi yin biris da ita. Sashe na 65 na Dokar Inshora ta 2003 ya wajabta yi wa duk ginin da jama'a ke shiga inshora kan rushewa da gobara da guguwa da ambaliya, sabuwar dokar inshora ta 2025 kuma ta ci gaba da wajabta hakan. Masu ƙyamar inshora saboda dalilin addini suna da takaful, wanda kamfanoni masu lasisi ke gudanarwa a Nijeriya. Amfanin wannan sharaɗi ya wuce biyan diyya. Kamfanin da zai biya idan ruwa ya ci gini yana da dalilin aiko da wanda zai duba wurin, kuma idan ya ƙi karɓa ko ya tsawwala kuɗi, mai gini ya samu gargaɗin da babu dillalin da zai ba shi. Da jihar za ta ce babu rajistar otal sai da wannan takarda, da ta samu masu duba gini ba tare da ta ɗauki ma'aikaci ko ɗaya ba.

Ƙananan hukumomin biyu ma ba su da mafaka. Kundin tsarin mulki ya ɗora musu gina magudanan ruwa da kula da su, kuma tun hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 kan 'yancin kuɗaɗensu ake ta muhawara kan abin da ya kamata su riƙa yi da kuɗin. Hasashen da NiMet da hukumar NIHSA ke fitarwa kafin kowace damina yana ambaton jihohi da ƙananan hukumomi ne, ba ya sauka zuwa fuloti. Wanda zai cike wannan giɓi shi ne na kusa: sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, da dagatai da masu unguwanni waɗanda da wuya a yi cinikin gona ba da saninsu ba. Masarautar da ke da ƙananan hukumomi biyu kacal tana da damar da babbar masarauta ba ta da ita, domin umarni ɗaya daga fada na cewa kada a shaida cinikin filin gini a ƙasan layin ruwa zai isa kowane ƙauye cikin mako guda. Dattawan da suka ga yadda tafkin ya cika a manyan daminun baya suna raye, kuma sun san itacen da ruwa ya taɓa.

Sai dai umarnin ba zai yi aiki ba sai an san inda layin yake. Kowace madatsa ana zana ta ne da waɗannan matakai biyu a rubuce, na cika da na tumbatsa, don haka alƙaluman suna cikin takardun Challawa tun lokacin gininta. Abin da ake buƙata shi ne a fito da su daga ofis, safiyo ya bi gaɓa ya kafa turakun kankare masu fenti a inda mai saye da mai sayarwa za su gani, a kuma liƙa taswirar a sakatariyar Ƙaraye da ta Rogo. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are hukumar tarayya ce, don haka Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta hau kanta. Kowace ƙungiyar matasa a Ƙaraye ko Rogo tana iya rubuta mata takarda ta nemi matakan ruwan da taswirar filin da ke hannunta, ba tare da ta faɗi dalili ba, kuma dokar ta ba hukumar kwana bakwai ta amsa.